Tsumman Tasalla

Tasalla ta garin Zakka 'yar guntuwar mace ce, murya ƙasa-ƙasa, amma in ta wuce da ƙwarya a ka da ɗan tsumma a kafaɗa, mata har daka suke tsayarwa su tambayi juna wa ya rasu. Wankan gawa ne aikinta. Wurin gwaggonta Hansai ta gaje shi, ita ta koya mata jiƙa ganyen magarya da naɗe hannu da tsumma, don ba a taɓa tsiraicin mamaci da hannu haka nan. Sauran kuwa hannunta ne ya koya mata. Jiƙaƙƙen tsumma a jikin mai rai cijewa yake yi, sai an ja shi. A jikin wanda ya tafi kuwa zamewa yake, sumul, kamar a bayan ƙwarya. Ba ta taɓa ɗora likkafani a kan mace ba sai tsumman ya shaida mata.

Kuma saƙi take amfani da shi, na audugar gida. Da manyan motoci suka fara kawo yadi mai sheƙi daga Katsina, mata suka yi ta rububi, ita ko kallo bai ishe ta ba. Ta ce wannan yadin maƙaryaci ne, a jikin kowa zamewa yake.

Mijinta Sammani manomi ne, ƙato, sarkin barkwanci, shi ake kira in za a haƙa kabari. Mutanen gari kan tsokane su, wai in ka shiga hannun gidan nan ba ka da sauran magana. Shi ya yi ta dariya, ita ta harare su.

Shekarar amai da gudawa, bayan an gama yaƙin basasa, Tasalla ta yi wankan da har hannuwanta suka tsage. Ran nan da hantsi Hamidu, wani makiyayi daga rugar yamma da gari, ya zo ya durƙusa a ƙofar gida.

"Inna, Bara'atu ta cika."

Bara'atu matarsa ce, mai kawo musu nono. Sammani ya saɓa diga ya nufi maƙabarta, Tasalla ta bi Hamidu.

A cikin bukka ta tarar da ita an rufe. Jiki sanyi ƙalau, idanu sun faɗa, yatsu sun yamutse. Asta, uwar Hamidu, ce ke riƙe mata ruwa. Tasalla ta yi bismilla ta fara ta dama. Tsumma ya bi dantse, ya hau kafaɗa, da ya kai wuya sai ya cije.

Ta sake jiƙa shi ta ja, ya sake cijewa. Ta gwada a nata hannun, duk ɗaya.

"Asta, ajiye ruwan nan. Wagga yarinya ba ta tafi ba."

"Haba Tasalla! Ba numfashi tun safe. Ga maza can da makara, an aiko an gama kabari."

"Su jira."

Asta ta matso, ta rage murya. "Kin san ba a buɗe rami a bar shi haka. In ba ita ba, wani zai nema."

Wallahi maganar ta shige ta. Amma ta dubi wuyan yarinyar ta ce ba da hannunta za a binne mai rai ba, ramin ya nemi wanda zai nema. Ta sa aka dama ruwa da ɗan gishiri, ta riƙa ɗiga mata a baki. Rana ta take, maza suka ƙosa, Hamidu yana kuka a bayan bukka bai san abin da zai roƙa ba. Ana gab da la'asar maƙogwaron Bara'atu ya motsa, ta haɗiye. Asta ta saki ƙwarya ta fita da gudu tana salati. Ruga ta rikice, masu makara suka watse, kuma a cikin ruɗanin nan babu wanda ya tuna da ramin.

Tasalla ta isa gida da sauran rana, cike da murna. Ta tarar da Sammani zaune a kan turmi, jikinsa duk jar ƙasa.

"Sannu da aiki, mai tada matattu!" in ji shi. "Yau kin sa ni aikin banza. Zo ki goge mini baya, na gaji."

"Malam, kai dai ba ka girma."

Ta yago sabon ƙyalle daga saƙinta, ta jiƙa, ta ɗora a kafaɗarsa ta ja. Ya zame har ƙugu.

Ta ce a ranta ƙasar jikinsa ce. Ta kwara masa ruwa, ta wanke tas, ta danna da ƙarfi ta sake ja. Sumul. Ta gwada a hannunta, ya cije. Ta koma wuyansa, inda take ganin jijiya na bugawa ƙuru-ƙuru, tsumman ya wuce kamar ba a kan mutum ba. Tsoron da ya kama ta, tun da take bai taɓa kama ta ba a ɗakin gawa.

"Mi ya faru?" ya ce. "Hannunki ya yi sanyi."

"Malam, ka ga Hamidu a hanya?" ta fara, sai ta ji ba ma abin da take son faɗi ba ke nan. "Ramin nan. An kai maka karan da aka auna ta da shi?"

"An kai, ya karye a hanya." Ya yi dariya. "Na ce Bara'atu ai doguwa ce, ba ta fi ni ba. Sai na shiga na kwanta na gwada. Ya yi mini daidai wa daida."

Ya dafa cikinsa, ya ɗan yamutsa fuska.

"Miƙo mini buta, Tasalla. Cikina ke juyawa."