Ɗoɗɗoyar Ganou Ba Ta Ƙamshi

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rabi a Djougou. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk mai haɗa turaren wuta ko shayi a unguwarmu wajenta take sayen ganye da saiwa.

Kowace kaka mukan hau motar haya zuwa Onklou, mu taka zuwa wani tudun marmara da ta gada daga mijinta. Jar ƙasa ce, duk tsakuwa, ruwan sama ba ya kwana a kanta. Nan tsabre da ɗoɗɗoyar daji ke fitowa, gajeru, ganyensu ƙanana, amma in kika murza ɗaya, ƙamshin zai raka ki har gida. Kajiji da jema kuwa sai mun gangara fadama, inda laka ke riƙe ƙafa. Yaya ba ta taɓa neman wannan a gidan wancan ba.

Ko arba'in ɗin rasuwarta ba a yi ba, ɗanta Mustafa, mai takardar makarantar noma da tabarau, ya sayar wa masu haƙar tsakuwa tudun. Ya buɗe lambu a Ganou, cikin Parakou: baƙar ƙasa, takin zamani, ban ruwa safe da yamma. Tsirran suka kai ƙugu, kore shar. Ya kira ni in gani, yana ta hura hanci.

"Inna, Mama ba ta da méthode, ba tsari a aikinta, shi ya sa ta wahala."

Na tsinki ganye, na murza, na shinshina. Ciyawa!

"Mustafa, wannan ai abincin awaki ne."

Da Yaya za ta leƙo yau, me za ta ce? Ina jin ko tsaki ba za ta ɓata ba. Tudunta ya zama rami, kwaɗi ke kuka a ciki da damina. Matan unguwar Banikanni, nan Parakou, sun sayi kayan ɗanta sau ɗaya, ba su ƙara ba. Shi kuwa har yanzu laifin iri yake gani.

Yaya ba ta bar lambu ba, ba ta bar takarda ba. Hanci ta bar wa matan da suka yi ciniki da ita, kuma ba a ruɗinsu. An gaya mini bara Mustafa ya barbaɗa wa kayansa jar ƙasa ya kai kasuwar Djougou, wai daga Onklou suke. Tsohuwar farko da ta tsaya ta shinshina, ta karkaɗe hannunta, ta tambaye shi ko yana da wata sana'ar.