Magen Sito da Maganin Yara

Lokacin da sojoji suka koma bariki, ƙungiyoyi suka tsiro a Kano kamar ciyawar farkon damina. Duk lungun da ka shiga a Gyadi-Gyadi sai ka ga allo da sunan wata cibiya ta wayar da kan jama'a. A ɗaya daga cikinsu na samu abin da nake kira aiki. Ɗakuna biyu ne da sito a bayan wani shagon ɗinki. Shugabarmu wata Hajiya ce mai son turare, sai akawunta, sai ni.

Karatuna bai wuce sakandare ba, don haka aikina na ƙarfi ne. Ni ke ɗaura ƙyallen sanarwa, in jera kujeru, in je Darmanawa in taro mata su cika zauren taro, in raba musu robobin shinkafa bayan an gama ɗaukar hoto. In akwai taron bita akwai alawus. In babu, sai in wuni a bakin ƙofa ina korar ƙuda. Amma ina da katin shaida mai shuɗiyar igiya, kuma Allah ya gafarta mini, ko masallaci da shi nake zuwa a wuya. A gidan hayar da nake zaune a Tarauni "ma'aikacin Turawa" ake ce mini, ban taɓa gyara wa kowa zancen ba.

Akwai wata mage a ofishin, da kanta ta zo. Ɓeraye sun addabi siton, suna cin takardu da ƙyallaye, sai wata rana muka tarar da ita a kan kwali, toka-toka mai farin ƙirji. Daga ranar ɓarna ta tsaya. Babu mai kula ta sai ni, ni ɗin ma ba da guminna nake ciyar da ita ba. Kafin a raba abincin taro Hajiya kan ware na gidanta, akawu ya ware nasa, ni kuma in buɗe robobin matan da na taro in zare naman kaza daga wasu. Rabi na ci, rabi na mage. Matan su karɓi gayan shinkafa su yi mini godiya.

Tana cikin shekara ta biyu tare da mu ciwon ya kama ta. Ta fara dalalar yawu, bakinta ya yi ƙuraje, in ta matso kusa da nama sai ta ja baya tana kuka. Gashin ƙirjinta ya dunƙule, ya koma ruwan ƙasa. Ga wari, irin na ruɓaɓɓen kifi. Ni kaina sai na toshe hanci nake shafa ta.

Ana haka aka ce masu ba mu tallafi za su zo daga waje. Hajiya ta leƙa sito ta fito da mayafi a hanci.

"Kai, me ya mutu a ciki?"

"Ba abin da ya mutu, Hajiya. Magen ce, bakinta ke ciwo."

"Magen wa?"

"Tamu."

"Mu muna da mage a tsarin aikinmu? Gobe baƙi za su shigo nan. Sa ta a buhu ka kai ta nesa, ka ɗaure bakin da kyau kada ta gane hanya."

Na ce, "To, Hajiya." Ita ce kalmar da na fi iyawa a ofishin nan.

Haka ake yi da magen da aka gaji da ita. Ba mai yarda ya kashe ta, kowa na tsoron alhakinta. Sai a sa ta a buhu don kada ta ga hanya, a sake ta kusa da mahauta, mutum ya dawo gida yana faɗa wa zuciyarsa cewa ai wajen abinci ya kai ta.

Na tare ɗan acaɓa. Ba mu yi nisa ba buhun ya fara motsi a cinyata.

"Oga, me ka ɗauko ne?"

"Kaza ce."

"Kazar taku ta 'yan boko da muryar mage take kuka?"

A kasuwar Tarauni na sauka, na zagaya bayan rumfunan mahauta, wajen kwatar da ake zubar da ruwan tumbi. Na kwance buhun. Ba ta gudu ba. Ta fito da kai, ta dubi ƙudajen, ta dube ni, yawu na zuba. Wani mahauci da ke wasa wuƙa ya ce, "Malam, nan ba asibiti ba ne fa. Wadda ba ta iya tauna ba, me za ta ci a nan? Karnuka ne za su ci ta." Na mayar da ita buhun, na tafi da ita gida. Ba zan ce tausayi kaɗai ba ne. Har da kunyar idon mahaucin.

Mai gidan hayarmu dattijo ne, tsohon masinja a sakatariya, Baba muke ce masa. Dare bai yi nisa ba warin ya kai masa labari.

"Ma'aikacin Turawa, gawa ka ajiye a ɗaki?"

Na nuna masa ita a kwance a kan tsohuwar rigata. Ya daɗe yana kallo.

"Ina da jikoki a gidan nan, gashin mage kuma tari yake sawa. Ko ta warke, ko ta bar gidan. Ka kai ta asibitin dabbobi mana, ai don irin wannan aka gina shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san hanyar. Amma sai na hango kaina a layi, wannan da ragonsa, wancan da sansa, ni kuma ƙato da katin shaida a wuya na rungumo mage. Na ji dariyar da za a yi mini tun kafin a yi ta. Sai na nufi kemis ɗin bakin layinmu.

Mai kemis ɗin abokin wasana ne, kullum muna tsokanar juna. Akwai mutane a shagon.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Yarinya ce. Bakinta ya yi ƙuraje, jikinta da zafi, ba ta cin abinci."

"Ikon Allah! Gwauro da yarinya? Yaushe aka yi suna ba a kawo mana goro ba?"

"'Yar yayata ce."

"Shekararta nawa?"

"Biyu."

Ban da ciwon, wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a shagon. Ya miƙo mini kwalbar farasitamol na ruwa, irin na yara, mai jan launi, ya ce cokali ɗaya safe da yamma, Allah ya ba ta lafiya.

Na naɗe ta a tawul, na buɗe bakin da ƙarfi na ɗura mata. Ta yi ta fizge-fizge tana kumfa, ta yakushe ni a hannu. Ni kuwa har daɗi nake ji a raina, ina ganin yau na yi aikin lada. Da safe na ƙara mata, na tafi otal ɗin da za a yi taro.

Taron na ranar a kan illar shan magani ba tare da ganin likita ba ne. Ni na hau kujera na ɗaura ƙyallen da hannuna. Matan Darmanawa suka zauna a ƙarƙashinsa suna gyangyaɗi, Hajiya ta yi jawabi da Turanci, baƙi suka tafa, aka ɗauki hoto. Ko sau ɗaya ban karanta abin da ke jikin ƙyallen don kaina ba. Hankalina na kan robobin abinci. Na zare cinyoyin kaza na zuba a leda, na ce yau za ta ci mai laushi.

Da na buɗe ɗaki bayan la'asar, ban gane fuskarta ba. Ta kumbura, idanun sun shige. Na ɗaga leɓenta, dasashin ya koma launin laka. Numfashi take da baki a buɗe, kamar wadda aka shaƙe. Naman ya yi ta maiƙo a leda har ya huce.

Washegari na sa ta a kwali na tafi inda ya kamata in je tun farko. Akwai layi, akwai raguna, akwai mai kaji a keji. Babu wanda ya yi dariya. Wani tsoho mai akuya ya leƙa kwalin ya ce, "Subhanallahi. Shiga gabana, ɗana, taka ta fi jigata."

Likitan ya duba bakinta, ya dube ni.

"Me ka ba ta?"

Na fito da kwalbar.

"Wa ya ce ka ba mage wannan? Guba ne a jikinta, jininta yake lalatawa."

"To ciwon bakin fa, likita?"

"Wannan ai da allura da wankin baki da ta tashi. Muna ganin irinsa."

Ya yi mata abin da zai iya, ya ce in tafi da ita in yi addu'a. Kafin in iso Tarauni kwalin ya daina motsi.

Baba ne ya ara mini shebur, ya nuna mini gindin katanga a bayan gida. Da na gama rufewa ya ce, "Allah ya ba ka ladan niyya." Na ce amin da baki, amma na san niyyar tawa. Tsoron dariya ne.

Ba a jima ba ɓeraye suka dawo sito, suka fara da ƙyallen taron nan, suka cinye shi ta tsakiya. Hajiya ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Ka nemo mana wata magen, amma lafiyayya." Na ce, "To, Hajiya." Ban nemo ba. Ita ma ta manta, aka buga sabon ƙyalle.

Mai kemis ne bai manta ba. Duk sanda na wuce sai ya ɗago hannu, "Gwauro, ya jikin yarinyarmu?" in ce da sauƙi, in ƙara sauri. Har na fara zagayawa ta wani layin. Wata rana dai na tsaya, shagon cike da mutane kamar wancan karon.

"Ba yarinya ba ce. Mage ce, kuma ta mutu. Maganin ne ya kashe ta."

Ya ajiye almakashin da ke hannunsa. Na tsaya ina jiran dariyar, tasa da ta mutanen shagon.

"Mage?" ya ce. "Haba, kai kuwa. Ai da ka faɗa mini, da ban ba ka komai ba. Da cewa zan yi ka kai ta wajen likitan dabbobi."

Ya juya ga matar da ke bayana ya ce, "Hajiya, me za a ba ki?"