Rantsuwar da Na Yi a Kan Tseren Mota

A lokacin da abin nan ya same ni, ni ma'aikacin lafiya ne da aka tura Kebbe, iyalina kuma suna gida Tambuwal. Gidanmu gidan malamai ne, na tashi ina ganin mutane suna kawo wa mahaifina rigimar gona da ta gado, ya raba su da magana ɗaya. A gidanmu ba a rantsuwa da wasa. Ko kana yaro, in ka ce wallahi a kan ƙarya, har kakarmu sai ta ji. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane dalilin da ya sa abin da wani zai ɗauka wasa ya hana ni sukuni.

Zaman kaɗaici a Kebbe ne ya jefa ni tseren motoci na kwamfuta. Na sayi sitiyari na hannu da birki da totur na ƙafa, na ɗaure su a teburin ɗakina, wayata ce ke ba kwamfutar intanet. Na shiga wata gasa da ake yi duk Asabar bayan La'asar, kowa yana garinsu amma motocinmu na kan hanya ɗaya, ana tara maki har ƙarshen kakar wasa. Ba yabon kai ba, ina da hannu. Wanda ya saba kauce wa ramukan hanyar Kebbe a kan babur, kwanar kwamfuta ba ta ba shi tsoro.

Ranar tseren ƙarshe hadari ya haɗu, sabis ɗin wayata yana zuwa yana ɗaukewa, amma na shiga. Wanda ke kan gaba a maki wani mai gyaran waya ne a Jos, mutum mai haƙuri, kammala tseren kawai yake buƙata ya ɗauki kofi. A zagayen ƙarshe na bi ta gefensa a wata kwana na wuce lafiya lau, tsakanina da shi akwai filin da wata motar za ta shiga. Ina gamawa na leƙa zauren intanet da muke hira, na tarar ana ta zagina. Wai na daki motarsa ta baya, ta juya ta bugi katanga, kofi ya tafi hannun wani.

Raina ya ɓaci. Na yi magana da muryata na tura, na rantse da Allah ban taɓa shi ba, na maimaita, har na ƙara da cewa ni ɗan gidan malamai ne, ba na rantsuwar banza. Ban rufe baki ba alƙalan gasar suka saka bidiyon da ke wurinsu. Ga motata, da launinta da lambarta, ta yi tsalle kamar an wurgo ta, ta sauka a bayan tasa. Na kalla har idona ya yi zafi. Aka dakatar da ni na ɗan lokaci, aka kuma laƙaba mini suna Malam Wallahi. Duk wanda ya yi ƙarya a zauren sai a ce ya je ya ɗauki darasi wurina. Dakatarwar ba ta dame ni ba kamar sunan, domin na jawo gidanmu cikin maganar da bakina.

Daga baya wani cikin alƙalan ya yi mini bayani cewa idan sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, na'urar gasar tana ƙiyasta inda motar mutum take, in ya dawo sai ta jefa ta can. Wato abin da na gani gaskiya ne a ɗakina, abin da suka gani kuma shi ne ya faru a tseren. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na hau babur zuwa Tambuwal, na sami mahaifina a zaure bayan ɗalibai sun tashi, na durƙusa na tambaye shi ko kaffara ta hau kaina.

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya yi dariya, ya ce ashe likitan gidan nan direba ne bai sani ba, ya kuma tambaya ko motar tana shan mai. Sannan ya sa tabarau ya ce in nuna masa. Ya kalli bidiyon da kwamfutata ta ɗauka, ya kalli na alƙalan, ya sake kallo. Ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance, daga baya ya bayyana ba haka ba ne, babu kaffara a kansa. Har na fara sakin numfashi, sai ya tambaye ni ko na san sabis ɗina yana yankewa kafin in shiga. Na ce na sani. Ya ce to ni da wanda ya ɗaure bijimi da ruɓaɓɓiyar igiya a bakin gonar mutane ɗaya muke, bai aiki bijimin ya ci dawa ba, amma shi zai biya. Ya ce na zo neman wanke sunana, ban ko tambayi halin da mutumin da na ɓata wa shekara yake ciki ba. Wannan maganar ta fi Malam Wallahi zafi, kuma gaskiya ce.

A ranar na kira mutumin Jos. Ban kawo zancen sabis ba, na ce na cuce shi, ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma yafiya ba ta dawo da kofi. Na ce shi ya sa nake roƙon ya ɗauke ni abokin tafiyarsa a kaka mai zuwa, tunda a wannan kakar mutum biyu-biyu za a shiga. Ya ce zai yi tunani. Bayan kwanaki ya amsa, da sharaɗin kada ya sake jin wallahi a bakina ko mota ta kama da wuta.

Asabar mai zuwa sabuwar kaka za ta fara, kuma a shirye nake. Na kwaso sitiyarina na dawo da shi Tambuwal inda sabis ya fi tsayawa, duk ranar tsere zan kamo hanya tun da safe. In hadari ya haɗu, ko ina kan gaba a maki, zan janye. Na san na fi abokin tafiyata gudu, shi ma ya sani, amma a bana aikina shi ne in tsare masa baya har ya ɗauki abin da na hana shi. Baɗi in Allah ya kai mu sai mu gwada ƙwanji, kuma na gaya masa ya shirya.

Abin da na koya shi ne mutum yana iya faɗin gaskiyar abin da idonsa ya gani, alhali ya yi wa wani ɓarna. Ina jan kunnen matasa masu irin wannan wasa, da ma waɗanda ba sa yi: kafin ka ɗaga murya ka ambaci sunan Allah, tsaya ka tambayi abin da ɗan'uwanka ya gani, kada kuma ka sa sunan gidanku a maganar da ba ka bincika ba. Mahaifina ya ce ranar tseren farko a ajiye masa tabarma kusa da teburina, wai wannan karon yana so a sami shaida na biyu.