Sai da Muka Karye Masarar Alhaji Kafin Mu Ɗauko Kofi

Jama'a mun ci! Kofi yana Unguwar Tsamiya! Ɗan ƙauyenmu na bayan Ƙanƙara, wanda in ka yi atishawa a kan mashin ka wuce shi, shi ya lallasa 'yan Sabuwa a gidansu. Ku bari in ba ku labarin tun daga farko.

Golanmu Kawu Sale ne, ƙanen innata. Faci yake yi a bakin tasha, ƙwallo sai ya rufe rumfa da yamma. Shekara goma sha shida yana tsaron ragarmu, ko cokali bai taɓa ci ba, kuma ya ce daga wannan fainal ya aje safar hannu. Ba mu da wani gola. In babu shi ni za a sa, ni kau ko kaza aka jefo mani sai ta wuce.

Ƙanƙara, 7:10

Mun bari gari ya waye sosai, kun san hanyarmu. Mu goma sha uku da Koci Lawal muka cusu a bas ɗin Malam Iro. Kawu ba ya ciki, tun jiya ya tafi Daudawa wajen surukanshi, ya ce mu ɗauke shi a bakin titi. Sharaɗin gasar ɗaya ne: ƙarfe biyu ake duba katin 'yan wasa, wanda ba ya wurin ba ya bugawa.

A shingen Sheme wani soja ya leƙo ya ga jesunanmu.

"Ku ne za ku buga da Sabuwa? Da waɗannan ƙafafun?"

"Oga, gobe za mu nuna maka kofin," in ji Malam Iro.

Daudawa, 9:05

Bakin titi wayam, wayar Kawu tana ta ringin ba a ɗauka. Mai shayi ya ce ai yana gonar surukinshi Alhaji Mamman, yau ake karyar masara. Muka bi burtali da ƙafa. Ga Kawu can tsakiyar gona da buhu, su biyar kacal, gonar kau ko rabi ba a ci ba.

Koci ya ja shi gefe. "Sale, lafiyarka? Yau fainal!"

"Na sani, Koci. Jiya da na zo gaisuwa Baba ya ce gobe za a karya masara. Mi zan ce?"

"Ka ce kana da wasa mana!"

"In kalli uban matata in ce mashi zan bar amfanin gonarshi in tafi buga ƙwallo? Ku sa Nura kawai."

Nura ni ne.

Koci ya duba agogo, ya dubi gonar, ya tuɓe rigarshi. "Kowa ya kama layi biyu. Wanda ya tsaya hoto benci zai zauna."

'Yan uwa, ba ku ga aiki ba! 'Yan baya suna karya, 'yan tsakiya suna zubawa a buhu, 'yan gaba suna kai wa amalanke da gudu. Har Malam Iro ya naɗe wando. Ƙaiƙayi ya ci wuyana kamar in yi kuka. Sha biyu da kwata muka karye layin ƙarshe.

Alhaji Mamman ya iso da ƙwaryar fura, yana kallonmu baki buɗe. "Sale, waɗannan masu riguna iri ɗaya daga ina?"

Kawu ya durƙusa ya kafa ido a ƙasa. Koci ne ya yi bayani.

Alhaji ya yi salati. "Yanzu saboda Allah da ka faɗa mani cinye ka zan yi? Masara gudu take? Ku sha furar a mota. Direba, gidan gaba nawa ne."

Sabuwa, 1:48

Ta Dandume muka bi, Alhaji yana ta cewa Malam Iro ya taka. Saura minti goma sha biyu muka dira gaban teburin masu duba kati, gashin masara duk a kawunanmu. 'Yan Sabuwa suka dinga ihu wai an kawo masu leburori.

Bayan la'asar aka take wasa. Gaskiya ƙafafunmu sun mutu, mu dai tsaron gida muke ta yi. Suka yi ta ruwan shot, Kawu yana kaɗewa kamar mai korar ƙuda. Aka tashi babu ci, sai fenariti. Huɗu da huɗu, ɗan wasanmu Bala ya ci ta biyar. Kyaftin ɗinsu ya zo ya narka ta kusurwar hagu. Kawu ya tashi sama, mutum mai shekara talatin da takwas, ya doke ta da yatsu!

Ya zabura da gudu yana ihu zai cire riga, sai ya yi kiciɓis da Alhaji a bakin layi. Nan take ya saki rigar ya durƙusa. Alhaji ya jefar da sandarshi, ya kamo shi ya miƙar, ya juya wajen 'yan kallo: "Mijin ɗiyata ne! Ku dube shi da kyau!"

Kawu ya rufe fuska da safar hannu. Na rantse kuka yake, shi ya ce gumi ne.

Gida, washegari 10:30

A makarantar firamare muka kwana, da safe muka kamo hanya. Mun nuna wa sojan Sheme kofin, har ya sara mana. A tasha aka aza kofin kan injin ba da iska na Kawu, shi kau tuni ya zauna yana cire tayar wani mashin.

Mun gode wa Allah, mun gode wa Malam Iro da Alhaji Mamman. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, kowane guruf, har ya kai wayar 'yan Sabuwa.