Ƙafar Bagas da Bayan Ubansa

Triyono mutumin kirki ne, ciwonsa ke nan. Da mugu ne da tuni ya huta.

Ƙofarsa na kallon tawa a hawa na tara, a dogon benenmu na unguwar Bayan Lepas, a Penang. Daga Kebumen ya zo, can tsibirin Jawa, kusa da ƙauyenmu, sai dai ni na tsallako teku tun uwarsa na yawo da ɗan kamfai. Yana aiki a wata masana'antar kayan lantarki, inda suke sa fararen kaya su rufe baki da hanci kamar masu wankan gawa. Ni kuwa, Mbah Poniyem, wato kaka Poniyem a yarenmu, wainar waken soya nake yi ina kai wa masu shaguna, sauran lokacin ina sa ido a kan jama'a kyauta.

Matarsa Retno 'yar siririya ce, harshenta ya fi ta nauyi. Suka haifi ɗa, aka sa masa Bagas. A wurinmu jariri ba ya taka ƙasa sai an yi masa bikin saukewa, kusan wata bakwai. Da lokaci ya matso, uwar Triyono, Bu Darmi, wato inna Darmi, ta bugo waya daga gida.

"Kada ƙafar jikana ta taɓa ƙasar mutane sai na zo na sauke shi da hannuna. Ka ji?"

"To, Bu," in ji shi. Tun da Allah ya yi shi bai taɓa ba ta wata amsa ba.

Ta ce a miƙo mini wayar. "Mbah, ke ce idona a can." Na karɓa. Aikin da ake biyansa da yawo da ciye-ciye, wa zai ƙi?

Sai aka zauna shari'a: daɓen ɗaki ƙasa ne? Triyono ya yi nazari kamar alƙali, ya yanke cewa abin da ke rataye a hawa na tara ba ƙasa ba ne, sama ce. Saboda haka a cikin gida yaro ya yi rarrafensa. Amma da an sauka ƙasan bene, sai hannu.

Bu Darmi ba ta zo ba. Da farko girbin shinkafa ne. Sai bikin 'yar maƙwabta. Sai ta yi mafarkin jirgi ya faɗa gonar rogo. Sai gwiwa. Shi kuwa Bagas bai san da zancen ba, yana ta ɗura kunun shinkafa da ayaba, cinyoyinsa suka zama kamar turame. Ya yi rarrafe, ya miƙe, ya fara gudu a falo yana kayar da tukwanena.

Retno duk mako tana kulle a sama. Ta yi shanya, ta kalli jirage suna sauka, ta koyi zagi da yaren Sinawa a wurin mai kifin da ke hawowa talla. Ranar Lahadi kuwa ko ana ruwan wuta sai an fita. Za ta dafa shinkafa da kwakwa, ta naɗe a ganyen ayaba, mu hau bas, ni ina gaba a matsayin shaida.

A bakin teku 'ya'yan mutane na tonon yashi, Triyono na tsaye cikin rana da yaro a wuya, yaro na zillo yana finciko masa gashi. 'Yan garinmu da muke haɗuwa da su suka sa masa suna Jaki, suna haɗawa da Mas, wato yaya, wai ladabi.

"Mas Jaki, ina aka nufa da kaya? Nawa ne zuwa kasuwa?"

Sai ya yi murmushi ya gyara riƙo. Wata tsohuwar Basiniya ta hawa na shida har ƙofa ta biyo su da man zafi, ta ja Retno gefe ta ce ta san mai gyaran ƙafar yara, kada su ji kunya, lalura ce. Tana cikin magana Bagas ya wuce ta a guje da murfin tukunya a kai.

Ranar da muka je wani lambu mai birai ce aka yi ta. Mun shimfiɗa tabarma, Triyono na tsaye don ya ce tabarma a kan ciyawa shakka ce. Wani ƙaton biri ya sauko, ya dube shi sama da ƙasa, ya gane mutumin nan ba shi da hannu. Ya zo a hankali ya zare masa hula, ya dawo ya ɗauki ƙunshin shinkafarsa, ya zauna a gabansa yana ci.

"Mas, sauke yaron nan ka kore shi!" in ji Retno.

"Dik, alkawari ne," in ji shi, don a wurinmu haka miji ke kiran matarsa, wato ƙanwa.

"Alkawarin da ya mai da kai tsohon banza? Jiya da rarrafe ka shiga banɗaki, na gan ka. Sauke shi. Wa zai sani?"

"Mbah za ta sani."

Na ce, "Ni ɗan nan, in bakina na tauna idona ba ya gani. Miƙo mini cinyar kazar nan ka gwada."

"Allah zai sani," in ji shi.

"Allah ya san kana da baya ɗaya," Retno ta ce. A bas ba ta ƙara kula shi ba. Da daddare kuma na hango ta ta ƙofa tana taka masa baya da ƙafa, tana zaginsa ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko nan ne wurin.

Retno ce ta kawo ƙarshen jiran. Ta bugo wa surukarta cikin ladabi ta ce, ai kada Bu ta wahalar da gwiwarta, uwarta ita ta ce za ta zo ta sauke yaron. Ban san uwar Retno ta taɓa jin zancen ba. Kafin wata ya mutu Bu Darmi ta sauka a filin jirgi, gwiwa garau, da kwalin busasshen kifi.

Aka shirya biki a filin ciyawa na bayan bene. Dunƙulen shinkafa mai danƙo kala bakwai a jere, tsanin rake, akurkin gora da aka yi wa ado, tiren yashi. Duk 'yan garinmu sun zo da rigunan zane, har tsohuwar Basiniya ta zo ganin ikon Allah. Bu Darmi ta tambaye ni a kunne ko da gaske ƙafar ba ta taɓa ba. Na ce, "Ko kifi ya fi shi sanin ƙasa."

Ta karɓi jikanta daga hannun uban. Idonta ya fito. "Wannan yaro ne ko buhun shinkafa?"

Ta sunkuya za ta ɗora ƙafarsa a kan dunƙulen farko. Bagas ya dubi ƙasa, ya naɗe ƙafafu har ƙirji kamar kyanwar da za a tsoma a ruwa, ya ƙwalla ihu. Ta sake, ya sake. Aka nuna masa alewa, aka kaɗa masa makulli, aka yi tafi. Ina! Yaron da aka shekara ana fizge shi da ya nufi ƙasa, yau a ce masa bismilla?

Bu Darmi gumi ya jiƙa ta. Ta juya kan ɗanta a gaban jama'a. "Kun sangarta shi! Zo ka karɓe shi, ka sauke shi da kanka."

Na ga leɓen Triyono ya shirya "To, Bu." Sai ya dubi matarsa, ya dubi yaron.

"A'a, Bu," ya ce a hankali. "Ke kika ce da hannunki."

Ya cire takalmi, ya tafi can nesa kaɗan, ya miƙe a kan ciyawa da sabuwar rigarsa, ya yi wani nishi da na ji har cikin ƙashina.

Bu Darmi ta waiga neman mai taimako. Kowa ya shiga gyaran hula. Ni na shiga neman wani abu a jakata. Hannunta ya gaza, yaro ya zame a hankali har tafin ƙafarsa ya sauka a ciyawa. Ya ɗage ɗaya, ya tsaya kamar balbela, yana kallon yatsunsa. Sai ya hango ubansa kwance. Ya taka. Ya sake takawa. Ya bi ta kan dunƙulen shinkafar nan duka ba tare da an nuna masa ba, ya tattake su, ya ture tsanin rake, ya isa wurin uban, ya dube shi, ya tsallake shi ya nufi kwata a guje, kakarsa na binsa tana kiran sunan Allah.

Da malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a sai muka ji wani gurnani. Triyono ne, ya yi barci, baki buɗe, tururuwa na hawa masa kunne. Wani ya matsa zai taɓa shi. Retno ta sha gabansa da ludayi.

"Duk wanda ya tashe shi," ta ce, "shi zai kamo yaron."