Baƙi Bakwai a Jikin Ilu

Da damina Iya ba ta barin murhun ɗakinta ya mutu. Ba don girki ba, ta daɗe da sauke wannan nauyi. Sanyin ƙasa ne yake hawa mata gwiwoyi, ga kuma sauro. Ana sallame magariba sai ta sa a tura mata guntun ƙirya cikin wuta, a watsa ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya a kai, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Mu jikokinta mu shigo da kwanonin tuwonmu, ido yana ruwa, kowa ya nemi gefen tabarma. Iya ita ce mahaifiyar babana. Yanar ido ta rufe mata gani tun kafin in yi wayo, ba ta ganin komai sai hasken wuta da inuwar mutum, amma da takun ƙafa take gane kowannenmu. In za ta fara sai ta ce, “Ga wata nan tafe, ku matsa mata.” Mu amsa, “Ta shigo, tabarma a shimfiɗe take.”

Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Mallawa. Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana. “Ke, ɗauko,” “Ke, kai,” shi ke nan. Baba ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Sai dai ni ta same ni da nawa halin na rashin baki. A lekol, makarantar boko, in mushe, malaminmu, ya yi tambaya, amsar tana bakina amma hannuna ba ya tashi. Abin da na iya shi ne kallo. Na san adadin tsagar da ke jikin rumbunmu, na san akuyar da take fara kuka in hadari ya haɗu.

Daminar da nake magana a kanta ita ce wadda ruwa ya dawo sosai bayan shekarun fari. Ina da shekara tara, muna hutun lekol. Manya duk suna gona tun safe, Iya kuma an kai ta Mallawa wajen gwaggona da ta haihu. Aka bar mini rainon ƙanena Ilu, ɗan wata takwas, da wankin tsummokaransa.

Iya tana da doka a kan wannan wanki. Kayan jariri a kan danni ake shanya su, inda rana take dukansu, ba a ajiye su a ƙasa, ba a kai su inuwa. In an tambayi dalili sai ta ce aljanu suna takawa. To a shekarar mushe ya yi mana darasi a kan camfi, ya sa mu muka yi ta kawo irin na gidajenmu, aji yana dariya. Ni kuwa na riƙe a raina. Da iska ta kayar da dannin gidanmu, sai na kwashi wankin na kai bayan rumbu, na shimfiɗa a kan rairayi mai laima. Wurin akwai inuwa, nan yara suke zagayawa, ba mai ganina. In kwantar da Ilu, in buɗe kayena, littafin rubutuna, in yi ta duba darussan bara.

A nan na ga wani ƙuda. Ya fi na gida girma, launinsa kamar na ƙuli-ƙuli, da zane biyu baƙaƙe a gadon bayansa. Ba ya ɗan karen tsalle irin na sauran. Ya sauka a kan majanyin Ilu yana tafiya a hankali, yana tsayawa, yana dangwala gindinsa. Ya burge ni har na zana shi a bangon kayena.

Bayan ƴan kwanaki Ilu ya fara kuka. Ƙuraje ja suka fito masa kamar cizon sauro, suka yi ta kumbura har suka zama kamar maruru. Bakwai ne: huɗu a baya, biyu a ɗuwawu, ɗaya babba a cinya. Ba ya kwantuwa, ba ya goyuwa. Yana cikin shan nono sai ya zabura ya ƙwalla ƙara kamar an tsikare shi da allura. Inna ta daina zuwa gona. Hanyar likita ta Dungas kuwa ruwa ya cinye ta a fadama, ko amalanke ba ta wucewa.

Ni nake riƙe shi in za a yi masa wanka, fuskata dab da bayansa. Sai na lura kowane ƙurji yana da ɗan rami a tsakiya kamar hujin allura. Na ƙura ido. A cikin ramin akwai wani abu fari-fari da ɗigon baƙi, yana tasowa, yana nutsewa. Wani lokaci ɗan kumfa ya fito. Na ɗauke kai, na sake dubawa. Yana nan yana motsi.

Na ce a raina aljanun ne. Sun taka zanen, ni kuma na naɗe Ilu a ciki. In na faɗi abin da na gani, za a tambaye ni inda na yi shanya. Na buɗe baki sau biyu a bayan Inna, ta juyo ta ce, “Ke, miƙo sabulu.” Na miƙa.

Kwana biyu bayan haka Baba ya kira wanzami. Ya dudduba, ya ce na cinyar ya nuna, sakiya za a yi masa. Ya sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi ja. Aka kai Inna gidan maƙwabta don kada ta gani. Ni ban tafi ba, ina raɓe a jikin rumbu. Na ji ƙauri, na ji kukan Ilu ya hau sama har ya tsinke, bakinsa a buɗe amma ba sauti. Mugunya ba ta fito ba, sai ruwa-ruwa da jini. Wanzamin ya girgiza kai, ya ce sauran shidan a ba su kwana biyu su nuna, jibi da hantsi zai dawo.

Washegari da la'asar aka dawo da Iya a kan jaki. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, “Ina maigidan nawa? Na ji an ce ya daina yi mini cefane.” Aka ɗora mata Ilu a cinya. Ta bi bayansa da yatsa a hankali, ta tsaya a kan kowane ƙurji, ta kai hancinta ta sansana. Fara'arta ta ɗauke.

“Ina ake shanya kayansa?”

Inna ta ce, “A kan danni mana, Iya, kamar kullum.” Ita ba ta sani ba, tana gona.

“Bakin ƙurjin fa, kin duba?”

“Iya, ni ko kallonsu ba na iyawa.”

Baba ya ce magana ta ƙare, gobe wanzami zai ƙarasa aikinsa. Iya ba ta ja da shi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, ta juyo da fuskarta wajena, ta daɗe haka, sannan ta ce a hura mata wuta.

Da dare muka taru a ɗakin Iya. Muna zaune, kukan Ilu yana shigowa daga ɗakin Inna, ya dushe kamar na ɗan akuya. Iya ta ce mu matsa wa tatsuniya, muka amsa, ban da ni.

Ta ce wata Ƙuda ce ta yi ciki, ga ta ba ɗaki. Ta je wajen Zuma, Zuma ta ce gidanta ba a zama sai da aiki. Ta je wajen Gara, ta tarar an toshe ƙofa da laka. Ta je wajen Zanzaro, ya ce ga ƙasa ga ruwa, ta gina nata. Ta ce ita ba ta taɓa taɓo, hannunta na lalle ne. Tana cikin yawo sai ta tarar da zanen wani jariri an shimfiɗa a ƙasa, a inuwa, da danshinsa. Ta ce alhamdu lillahi, ga gado. Ta zube ƴaƴanta a kai, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Ta yi musu huɗuba: in an naɗe yaron ku shige jikinsa, kowa ya kama ɗaki, bango nama, abinci nama. Abu ɗaya, kada wanda ya rufe ƙofarsa, don ku hancinku a gindi yake, ta nan kuke shan iska.

Zule, ƴar baffana, ta fashe da dariya har tuwo ya sarƙe ta. “Iya, hanci a gindi? To in ya yi atishawa fa?”

“Sai ki tambayi mijinki in kin yi, marar kunya,” in ji Iya.

Ta ci gaba. Yaro ya kama kuka, uwa ta kama kuka. Aka kawo mai saiwa, aka kawo mai tofi, aka kawo mai wuta. Duk a banza, don ba wanda ya san baƙi ne a ciki. Amma akwai wanda ya gani tun daga farko: Ƙadangare, yana manne a jikin rumbu. Ya ga shanya, ya ga Ƙuda, ya ga ƙofofin suna numfashi. Uwar yaron ta wuce ta gabansa tana hawaye, shi kuwa sai gyaɗa kai. Ta dawo, sai gyaɗa kai.

Nan Iya ta tsaya da labarin. Ta ɗauki kara tana tona toka.

“Sai aka yi yaya?” in ji Zule.

“Shi ke nan.”

“Haba Iya! Yaron ya warke ko ya mutu?”

“Ni ina na sani? Makauniya ce ni. Wannan ba ta da ƙarshe sai Ƙadangare ya yi magana.”

Yara suka yi ta gunaguni. Ni kuwa kunnuwana sun yi zafi. Ilu ya sake zabura a can ɗaki. Na tuna tsinken nan ja, na lissafa: shida. Muryar da ta fito daga bakina ban san tawa ba ce.

“Suna motsi.”

“Wa ya yi magana? Habsu, matso nan, ƙawata.”

Na matsa. Na faɗa mata ramin, da farin abin, da kumfan. Na faɗa mata bayan rumbu. Na faɗa mata ƙudan mai zane biyu. Ina jiran mari, sai na ji tafinta a kan wuyana, da ɗumi.

“Tun yaushe kika ga motsin?”

“Kwana biyu kafin wanzami.”

Ta ja numfashi. Sai ta ɗaga murya ta kira Baba da sunan da take kiransa tun yana yaro. Ta ce masa gobe kafin wanzami ya iso ita za ta gwada nata, in bai yi ba a yi wuta. Baba ya ce, “Iya, maganar yarinya?” Ta ce, “Yarinyar tana da abin da ni da kai ba mu da shi. Ni ba ido, kai ba haƙurin kallo.”

Gari yana wayewa aka fito da tabarma tsakar gida. Inna ta kifa Ilu a cinyarta, ta kau da kai. Iya ta sa aka kawo man shanu daskararre, ta ce in lakata in toshe bakin kowane ƙurji, in cika shi tim. Na yi. Muka zauna. Rana ta fara hawa kan rumbu, ina kasa kunne ko zan ji sallamar wanzami a zaure.

“Me kike gani?”

“Ba komai.”

“Duba dai.”

Sai man da ke kan na kafaɗa ya ɗan motsa. Wani farin abu ya ɓullo ta cikinsa yana lanƙwasa.

“Ya leƙo, Iya!”

“Kada ki ja shi, zai tsinke. Nuna mini wurin.”

Na kama yatsunta biyu na ɗora a gefe da gefe. Ta matsa a hankali daga ƙasa. Tsutsa ta fito sul, fara, mai ƙiba kamar ƙwayar wake, ta faɗa kan tabarma tana juyi. Inna ta waiwayo, ta yi salati da ƙarfi. Kaza ta zo ta tsince ta.

Haka muka bi su, ni ido, Iya hannu. Na biyar ya ba mu wuya, sai da aka ƙara mai sau uku. Da wanzami ya yi sallama saura ɗaya. Ya tsuguna ya kalli yadda ta fito, ya ce, “Tsohuwa, yau kin karɓe mini aiki.” Iya ta ce, “Sai ka yi wa maigidan nawa aski, kada ka koma haka.” Kafin azahar Ilu ya yi barci a rigingine, karo na farko cikin kwanaki.

Da muka keɓe na tambayi Iya, tun da ta san ƙuda ne, me ya sa take cewa aljanu. Ta ce, “Da na ce ƙuda, wa zai ji tsoron ƙuda?”

Ramuka shidan nan sun rufe cikin mako guda, ko tabo ba su bari ba. Na cinyar ne ya ƙi. Tsutsar ta mutu a ciki, wurin ya ruɓe, sai da ruwa ya janye aka kai shi likita aka wanke. Ya warke ya bar tabo mai zurfi, babban yatsa yana shiga.

Na daɗe ina ɗauka laifina shanya ce. Sai da na girma na haifi nawa na gane shanya kuskure ce, kowace yarinya tana iya yin ta. Abin da yake nawa ni kaɗai shi ne kwana biyun nan da na gani na haɗiye. A gidanmu ana yabon yarinya mai kunya, ni ma an yabe ni, ban kuma daina kunya ba har yau. Amma in na ga abu a jikin yaro ina faɗa, ko a gidan wa, ko za a ce na yi shisshigi. Muryata tana rawa, ina faɗa a haka.

Ilu bai san labarin ba sai ranar sunan ɗansa na fari. Na ja shi gefe na gaya masa duka. Ya saurara, ya shafa cinyarsa ta saman wando, ya ce, “Ashe ke ce, Yaya. Ni kuwa tun ina yaro nake gaya wa abokaina kura ce ta cije ni na ƙwace.” Ya yi dariya, na taya shi. Daga nan na wuce bayan ɗakin matarsa, in ga inda aka shanya kayan jaririn.