Kada Ku Gaya Wa Tsohuwa

Ranar da na sauka garin Sabha, can tsallaken sahara, abin da ya fara ɗaukar idona a unguwar Manshiya shi ne wani dattijo durƙushe gaban mota, ya cire hula yana gaishe ta. "Tsohuwa, kin tashi lafiya? Ya gwiwa?" Na tambayi mai shayi ko mahaukaci ne, ya ce a'a, Ilu direba ne. Ashe Ilun nan shi ne ƙanen mahaifiyata da na taso daga Damagaram nema.

Ku da kuka zauna Manshiya a shekarun man fetur kun san Tsohuwa. Motar sahara ce ta Ingila, jikinta duk lotsa, ba ta tashi sai an murza mata ƙarfe ta gaba. A cikinta Kawu Ilu ya keto sahara, ya kuma rantse ita za ta mayar da shi gida. A lokacin sababbin motocin Japan sun cika gari, suna sheƙi kamar idon budurwa ranar sallah. Shi ko kallonsu ba ya yi.

Abokina Sanusi, Bakano ne mai tuƙa wa wani ɗan kwangila mota 'yar Japan, ya taɓa cim ma Kawu a hanyar Tamanhint da rana tsaka, Tsohuwa ta mutu, yana tafe a ƙasa.

"Baba, shigo in kai ka. Akwai sanyi a ciki."

"Sanyi? Ni nama ne da za a sa a firji? Wuce, yaro!"

A ƙafa ya iso gida, leɓe duk ya tsage, yana cewa dama likita ya ce ya riƙa tattaki. Wane likita? Oho!

Ran da lagireto, wato tankin ruwan injin, ya huje kuwa, dabino ya tauna ya liƙe ramin. Ya dube mu ya ce, "Naku in sun yi ciwo sai an aiko da magani daga ƙasarsu. Ni da Tsohuwa abincinmu ɗaya."

Ni kuma a lokacin son Hadiza ya kama ni, 'yar wani ɗan kasuwa a unguwar Hajara, mai murmushin da ke hana zuciya zama wuri ɗaya. Na roƙi Kawu ya raka ni gun mahaifinta, amma mu ari motar Sanusi don mu fita kunya. Ya ce in ba Tsohuwa, ba shi. Muka je, aka gaisa, aka yi magana mai daɗi, Alhaji ya rako mu ƙofa cikin babbar riga. Tsohuwa ta ce ba ta san zancen ba! Kawu ya murza ƙarfe har gumi, sannan ya leƙo ya ce, "Alhaji, ɗan sa hannu." Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya naɗe riga ya tura, Hadiza na dariya ta bayan labule. Da motar ta tashi Kawu ya ce mini, "An gama maganar aure. Wanda ya tura Tsohuwa ya zama dangi." Haka kuwa aka yi.

Ana nan sai tari ya kama Kawu, ya ƙi sakinsa. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne, ya ce yana son ya ga Damagaram. Muka taru a kan Tsohuwa, mu murza, mu tura, mu kwance, mu ɗaura. Shi ma ya sa aka riƙo shi ya durƙusa ya lallashe ta. Ko tari ba ta yi ba. Sanusi ya roƙi maigidansa, ya kawo 'yar Japan ya tsayar a ƙofa.

Kawu ya warware rawaninsa ya miƙo mini. "Ɗana, rufe wa Tsohuwa fitilu. Kada ta gani."

Na rufe, muka ɗora shi. Da muka shiga rairayi, motar na tafiya sumul, ya shafa kujera ya ce a hankali, "Sanusi, yarinyar nan tana da ladabi." Muka yi dariya da hawaye. Ya ɗaga yatsa: "Amma kada ku gaya wa Tsohuwa."

Bai ga Damagaram ba. A hanya ya cika, kansa a cinyata, muka rufe shi kusa da wata rijiya da matafiya ke yada zango. Da muka komo ban iya cire wa Tsohuwa rawanin ba. A kanta ya tsufa, har rana ta cinye shi.

Bayan shekaru na je Kano na nemi Sanusi. Ya yi furfura, ya kuma saye 'yar Japan ɗin nan, ita ma duk ta lotse. 'Ya'yansa sun kawo masa sabuwa mai tada kanta da maɓalli, ya ce ba ya hawa rediyo. Da safe na gan shi durƙushe gabanta, hula a hannu. Ya ɗago ya gan ni, muka kasa haɗa ido.

Allah ya ji ƙan Kawu Ilu, ya sanyaya masa makwancinsa a cikin rairayin nan, ya kai shi gidan da ya fi Damagaram. Amin.